Ɗigo Ashirin a Minti Ɗaya

Ɗigon ya taru a bakin robar, ya kumbura, ya tsaya kamar mai shawara, sannan ya faɗo. Mai Famfo ya bi shi da ido. Ya jira na biyu. Kafin na biyun ya gama tasa shawarar, mutum zai iya cire hula ya sosa kai ya mayar.

"Wannan layin a toshe yake," in ji shi.

"Baba, ba a toshe yake ba." 'Yarsa ce ta amsa daga doguwar kujerar da take kishingiɗe, idonta a lumshe, allurar ƙarin ruwa a bayan hannunta na hagu. "Haka aka saita shi."

"Shekara talatin da ɗaya ina harkar ruwa. In ka ga yana tafiya haka, ko iska ta shiga, ko datti ya tokare."

"To yau ba aiki aka kira ka ba. Rakiya ka zo."

Dattijon da ke kujerar kusa ya fashe da dariya har ledar ƙarin ruwansa na rawa. Tsohon direban babbar mota ne, gaɓoɓin yatsunsa sun kumbura sun karkace, shi ma irin wannan ƙarin ruwan yake zuwa yi don ciwon gaɓoɓi. Kowa a ɗakin Direba yake ce masa.

"Malam, ka zauna ka huta," ya ce. "Nan ba a yin obatekin. Ni da na yi shekara ashirin ina taka mota, ga ni an ɗaure ni da igiyar roba kamar akuya."

Mai Famfo bai yi dariya ba. Ya duba agogon bango. Sha biyu saura kwata.

Kujeru shida ne a ɗakin, uku suna kallon uku. Biyar daga ciki kowace da na'urarta a maƙale jikin ƙarfe, tana auna maganin tana ƙara ƙit-ƙit. Na'urar ta shidan an ɗauke ta gyara tun jiya, kujerar ce kuwa ta faɗo kan 'yarsa. Don haka nas ɗin da ke kula da ɗakin, wadda suke kira Sista, ta rataya ledar a sama, ta saita gudun da hannu. Akwai wani ɗan makulli a jikin siririn tiyon, mai taya kamar ƙwayar wake, da babban yatsa ake murza shi. Ta murza, ta ƙirga ɗigon da agogon hannunta, ta rubuta a takarda. Mai Famfo ya kalli yadda ta yi tun daga farko har ƙarshe. A ransa ya ce, ai bawul ne, ba wani abu ba.

Injiniya yake kiran 'yar tasa, tun tana shekara tara tana miƙo masa sifana a ƙarƙashin wurin wanke-wanke na mutane. A lokacin tsokana ce. Shi aji huɗu ya yi ya gudu, sunansa ma da ƙyar yake rubutawa. Amma ita ta ɗauki tsokanar da gaske, ta yi karatun har ta ƙure shi, ta fito injiniyar ruwa mai hula da hatimi. Bututun da shi yake haɗawa a gidaje, ita ke zana uwayensu a ƙarƙashin titi. Duk wanda ya zauna da Mai Famfo minti biyar sai ya ji wannan labarin, ko yana so ko ba ya so.

Shekara uku da suka wuce ƙafarta ta dama ta fara ja. Sai ido ɗaya ya yi hazo. Sai kofi ya riƙa suɓuce mata. Aka yi ta yawon asibiti har aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da laka, Likita ta yi bayani mai tsawo, bai kama ko ɗaya ba. A mota 'yar ta juya masa shi.

"Baba, ka san robar da ke lulluɓe da wayar lantarki? Jijiyoyi ma suna da irinta. Garkuwar jikina ce ta rikice, masu gadin sun juyo suna ɓare ta."

"Masu gadin gida su ne ɓarayin?"

"Su ne."

Allurar farko da aka ɗora ta a kai ba ta riƙe ta ba. Sau biyu ciwon ya taso a shekara ɗaya, na biyun ya bar ta da sanda. A wurin aiki manajansu ya ɗauke ta daga fita fili, ya ba ta tebur a bakin ƙofa, wai don kada ta wahala. Ranar Mai Famfo bai ci abinci ba.

Sai aka zo da wannan maganin. Ba ƙwaya ba ne, ba kuma irin ruwan da ake ƙara wa mai zawo ba. An ƙera shi ne ya shiga jini ya nemi iri ɗaya tak daga cikin masu gadin, waɗanda ke jagorantar ɓarnar, ya damƙe su ya kawar, sauran ya bar su da aikinsu. Duk wata shida sau ɗaya. Bai gyara abin da ya riga ya lalace ba, ƙafar har yau tana ɗan ja in ta gaji. Amma shekara guda cur ciwon bai sake leƙowa ba. Ta ajiye sandar, ta je ta tsaya a gaban manajan ta karɓi aikinta.

Yau ne karo na uku. Yau ne kuma, da ƙarfe huɗu, za a buɗe ruwa a layin da ta zana da hannunta, kilomita goma sha ɗaya daga babban tanki zuwa sabbin unguwanni. Ta riga ta ɗaga ranar maganin da mako biyu saboda aikin, Likita ta ce ba za a ƙara ko kwana ɗaya ba. Injiniya ta ce ba komai, ruwa ba ya buƙatar ta tsaya a kansa kafin ya gudana. Mai Famfo kuwa ya sa rigarsa mafi kyau ya fito. Ya riga ya gaya wa abokan sana'arsa su je. Manajan nan zai tsaya a gaban mutane ya murɗa bawul, a tafa masa, a ce ina wadda ta zana, a ce ai tana asibiti. A ce, ayya.

Tun takwas suka zo. Gwajin jini ya ci awa biyu, haɗa maganin ya ci ɗaya da rabi. Sai sha ɗaya da rabi aka rataya.

Sha biyu daidai Sista ta dawo, ta auna jinin Injiniya, ta murza tayar kaɗan, ta ƙirga.

"Ashirin a minti," ta ce. "Bayan rabin awa mu ƙara."

"'Yata, ƙarfe nawa za a gama?"

"Uku da rabi, Baba. Sannan ta zauna awa ɗaya mu ga yadda jikinta yake."

"Ba a ɗan sakar masa?"

"Ba shayi nake zubawa ba."

Ta wuce kujera ta biyar inda na'ura ke kuka. Injiniya kuwa barci ya riga ya ɗauke ta. Ƙwayar da ake ba su kafin a fara tana sa barci, bakinta a ɗan buɗe kamar lokacin da take ƙarama.

Mai Famfo ya yi lissafinsa. Huɗu da rabi, ga hanya minti arba'in. Sai dai su tarar ana naɗe tabarmi. Ya kalli ledar, ya kalli layukan awo da ke jikinta. Rabin lita ce gaba ɗaya. Rabin lita! Shi da ke cika tankin lita dubu kafin a idar da sallah. Sau biyu ta sha wannan abin lafiya lau, ko tari ba ta yi ba. Jiki ya saba. Su dai ma'aikata haka suke, abin minti goma sai su mai da shi na yini, don ba su ne ke da wurin zuwa ba.

Ya miƙe kamar mai miƙa baya. Ya duba agogonsa. Ya ɗora babban yatsa a kan tayar.

"Malam," Direba ya ce ƙasa-ƙasa, "ka bar musu kayansu."

"Hanyarka daban, tawa daban."

Ya murza. Ɗigon ya daina shawara, ya shiga bin juna da gudu. Ya ƙirga na minti ɗaya cif, don bai taɓa buɗe ruwa ya juya baya bai san gudunsa ba. Ɗari da ashirin. Ya koma ya zauna, ya harɗe hannu, ransa fes.

Da sosa wuya ta fara, cikin barci. Sai ta yi gyaran murya. Sai tari, busasshe, ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe ido ta yunƙura ta zauna, wuyanta da gefen fuskarta sun yi ruɗu-ruɗu kamar wadda tururuwa ta bi.

"Baba... maƙogwarona..."

Numfashinta ya koma fito.

Abin da ya yi a nan shi ne abin da ya fi tsaya masa a rai daga baya. Bai fara da ihu ba. Yatsansa ne ya riga bakinsa, ya kai ga tayar, ya mayar da ita daidai gurbin da Sista ta bar ta. Sannan ya ƙwala kira.

Sista ta zo a guje, ta datse layin, ta zare ledar ta jefa a faranti, ta rataya ruwan gishiri. Ta danna ƙararrawa. Kafin ka ce me ɗakin ya cika: allura ɗaya, allura biyu, robar iska a hanci, abin awon jini yana kumbura yana sacewa. Aka ture Mai Famfo jikin bango. Rigarsa mai kyau ta jiƙe sharkaf da gumi. Bai san bakinsa na motsi ba sai da ya ji kansa yana kiran sunan Allah.

Wajen minti ashirin kafin fiton ya lafa. Injiniya ta koma ta jingina, fuskarta a kumbure, amma tana jan iska har ƙasa.

Likita ta ja kujera ta zauna. Gajeriyar mace ce mai furfura a goshi, ba ta da yawan magana, shekara uku tana riƙe da fayil ɗin Injiniya. Ta buɗe shi a cinya.

"Nawa kika sa mata?"

"Ashirin, ranki ya daɗe," in ji Sista. "Na ƙirga da agogona. Ga shi na rubuta."

Likita ta duba tayar, ta ga tana inda ya kamata. Ta cire tabarau ta murza ido, ta dubi Injiniya.

"To, ban ji daɗin wannan ba. Sau biyu jikinki bai ce uffan ba. In a ɗigo ashirin ya yi miki haka a karo na uku, jikin ya fara ƙin maganin ke nan. Na gaba zai iya fin wannan muni. Ba zan sake sa miki shi ba."

"Sai me?" Injiniya ta tambaya ta cikin robar.

"Sai mu nemi wani. Akwai. Amma sai mun jira, kuma ba zan yi miki alkawarin zai riƙe ki yadda wannan ya riƙe ki ba."

Na'urori suka ci gaba da ƙit-ƙit ɗinsu. Direba ya kafa wa silin ido kamar an rubuta masa wasiƙa a can.

Injiniya ta juya kai a hankali. Ta kalli ledar da ke kwance a faranti. Ta kalli agogon bango. Leɓenta ya ɗan motsa, irin motsin da yake yi in tana lissafi. Sannan ta kalli ubanta. Kallo ɗaya, bai fi na ƙiftawa biyu ba. Ta mayar da kai ta rufe ido.

"To, Likita," ta ce. "Yadda kika gani."

Mai Famfo ya sha jinin jikinsa. Ta gane. Ta gane, kuma ta zaɓi ta koma kan sanda da ta buɗe baki a gaban mutane ta ce ubanta ne. Likita ta cire murfin biro.

"Ranki ya daɗe, ajiye biron nan."

Kowa ya juyo wajen Mai Famfo.

"Ba ashirin ba ne. Ɗari da ashirin ne. Ni na buɗe."

"Ka me?"

"Na buɗe. Sha biyu da minti bakwai na murza. Na ƙirga minti ɗaya, ɗari da ashirin. Sha biyu da ashirin ta fara tari. Minti goma sha uku ke nan. Da na ga haka na mayar da shi inda yarinyar nan ta bar shi, sannan na yi kira. Ita ba ta da laifi. Aikinta tsaf yake."

Sista ta dafe ƙirji. "Baba! Innalillahi. Baba, kai ne?"

Likita ba ta ɗaga murya ba. "Ka tabbata da waɗannan lambobin? Kada ka faɗa mini abin da kake zato. A kansu zan yanke hukunci."

"Rataya ledar. In ba ta tsaya a kan layin ɗari huɗu ba, ki kira ni maƙaryaci."

Sista ta ɗauko ta rataya. Ruwan ya yi lilo, ya yi lilo, ya tsaya. Likita ta miƙe, ta mayar da tabarau, ta kai fuska kusa. Ta yi 'yan rubuce-rubuce a gefen takarda. Ta sake dubawa.

"Ɗari huɗu," ta ce.

Ta juyo gare shi. Kanta bai wuce kafaɗarsa ba, amma sai ya ji kamar daga sama take kallonsa.

"Ka san me ya sa muke tafiya da shi a hankali? Maganin nan yana shiga yana kashe ƙwayoyin da aka aike shi kansu. In suka mutu kaɗan-kaɗan, jiki yana sharewa. In suka zube lokaci ɗaya, abin da ka gani ke nan. Da ka ƙara minti biyar, da yanzu wata maganar muke yi."

"Na ji."

"Ba ka ji ba tukuna. In na zo gidan da kake aiki na kama bawul na murɗa, me za ka yi mini?"

"Korar ki zan yi."

"To, fita."

Bai yi musu ba. Ya tsaya gaban Sista, shi da bai taɓa ba wa mai gidan haya haƙuri ba balle ɗan kwangila, ya cire hula.

"'Yata, na ci amanar aikinki. Ki yafe mini."

"Ka je dai, Baba," ta ce, idonta ya kawo ruwa. "Ka je kawai."

A bakin ƙofa ya waiwayo. "Za a mayar mata?"

"In kumburin ya sauka, in ƙirjinta ya washe, zan gwada da rabin gudun. In ta sake ko da tari ɗaya, an gama. Rufe mana ƙofa."

Benci ne na ƙarfe a barandar, mai sanyi, yana kallon ƙofar. Ƙofar tana da ɗan gilashi a sama. Ya zauna da jakar 'yarsa a cinya. Ɗaya da rabi ya miƙe ya leƙa, ya ga Sista tana rataya ledar, ta naɗe tayar da filasta har zagaye uku. Daga nan bai iya ganin ɗigon. Wuyan 'yarsa kawai yake gani, shi ya tsare da ido. Ta ɗaga hannu, ya zabura. Gyara ɗankwali ta yi.

Wajen uku Direba ya fito yana jan ƙafa, an sallame shi. Ya zauna kusa da shi yana haki.

"An kama ka da obalodi, an ƙwace lasisi."

"Da ban faɗa ba, za ka faɗa?"

"Ina ta addu'a kada ka sa ni." Ya dafa kafaɗarsa da karkatattun yatsunsa. "Amma ɗari huɗun nan ta burge ni, wallahi. Ko mita albarka."

Huɗu ta yi, ta wuce. Huɗu da rabi waya ta yi ƙara a cikin jakar. Ya lalubo ta, ya danna sau uku kafin ta ɗauku. Muryar namiji ce, ga hayaniya a bayansa, wani abokin aikinta.

"Injiniya! Ruwa ya iso!"

"Mahaifinta ne."

"Au, Baba, ina wuni. Ka gaya mata ruwa ya kai ƙarshen layi. Mutane har rawa suke yi."

"Bar zancen rawa. Gwiwoyin bututun fa? Akwai yoyo?"

"Ko ɗaya."

"Ƙarfin ruwan a ƙarshe?"

"Daidai yadda ta rubuta, Baba. Ko manaja sai da ya ce a kira ta. Jikin nata ne?"

Mai Famfo ya kalli gilashin.

"Jikinta ƙalau. Wani aikin take, ba a barinsa a rabi."

Dab da magariba ƙofar ta buɗe. Sista ce ta fara fitowa, da ɗan kati a hannu. Ta miƙa masa ba tare da ta kalle shi ba.

"Ya shiga duka. Likita ta ce nan da wata shida, ga ranar nan. Ka kawo ta. Amma kai da wannan bencin ne."

"Na yarda."

Ya juya katin, ya kalli lambobin. Su dai yana karanta su. Ya sa shi a aljihun gaba ya maɓalle.

Injiniya ta fito. Kumburin ya sauka, idon ne kawai ya yi ja.  Ya ce ruwa ya iso, ba yoyo. Ta gyaɗa kai. Ya miƙa hannu zai riƙe ta, ta kauce. Mutane sun yi cincirindo a bakin lif, sai ta nufi matakala, ta kama ƙarfen gefe. Hawa uku ne. Ya bi bayanta da jaka.

Sai da suka sauka hawa ɗaya ta yi magana, ba ta waiwayo ba.

"Ka kusa kashe ni, Baba."

"Na sani."

"Saboda tafi."

"Saboda tafi."

Ta sauke ƙafar hagu, ta jawo ta dama ta same ta. Ta sake.

"Da ka yi shiru, ba wanda zai sani."

"Ke kin sani."

"Ni ai ba zan faɗa ba."

"Shi ya sa."

Ta tsaya tana hutawa. Ya ga kafaɗarta ta motsa, bai san ko dariya ce ko kuka ba, bai kuma tambaya ba.

"Ni ɗari da goma na lissafa," ta ce.

"Ɗari da ashirin ne. Ke daga kwance kika duba."

Suka ci gaba. Wani mutum mai ɗauke da kwandon abinci ya biyo su a baya, ya yi tsaki, ya taka ya tsaya, ya taka ya tsaya.

"Malam, a ɗan ɗaga ƙafa mana. Dare zai yi."

Mai Famfo ya juyo, ya kalle shi sama da ƙasa. Ya matsa jikin bango ya buɗe masa hanya.

"Bi ta nan ka wuce," ya ce. "Wannan da ƙafarta take sauka."